Uhm ɗin Baba

Abin bai kai tafin hannuna ba. Ɗan falle ne kore mai 'yan ramuka a gefe inda ake soka waya, kuma cajar waya ce ke ba shi wuta. Ranar da na fito da shi daga durowa na ɗora a kan teburin falo, Umma ta sa tabarau ta leƙa shi da kyau, ta ce, "Cikin rediyon wa kika farke?"

Na ce mata kwamfuta ce sukutum. Na ce zan mai da ita saba, wato na'urar da ke zaune wuri ɗaya tana karɓar murya daga nan ta miƙa can, kuma masu son Hausa zalla suna ce mata uwar garke.

"Uwar garke," in ji Umma. "Wannan ko 'yar akuya ba ta kai ba."

Ban ja da ita ba, don na san abin da zan yi. Baba yana wani gari mai nisa a gidan Yaya, saboda can ne asibitin da ya iya ciwon bayansa. Umma kuwa ba a daɗe da yi mata aikin ƙugu ba, likita ya hana ta doguwar tafiya, ga shi gidan Yaya a can saman bene yake, kuma benen ba lifta. Tun da na yi wayo ban taɓa ganin an raba su haka ba. Ni ce auta, ni ce a gida tare da ita, ni ke ganin yadda take juyawa ta yi wa kujerarsa magana kafin ta tuna ba kowa a kai.

Mun gwada kiran waya, bai yi ba. Kiran waya yana son labari, yana da farko yana da ƙarshe. Su kuwa mutanen nan biyu ba labari suke ba juna ba, zama suke yi. Umma tana magana, Baba yana cewa uhm. Haka na taso na same su. Ita bakinta ba shi da birki, tun daga farashin albasa har zuwa 'yar maƙwabta da ta koyi tuƙi ta kwashe tukwanen furen mutane. Shi kuma yana gefe yana gyaran wani abu da bai lalace ba, in ta kai gaɓa ya ce uhm, ta ɗora. A waya sai su gaisa, ta tambayi jiki, ya ce da sauƙi, su yi shiru suna jin numfashin juna kamar baƙi a layin asibiti, hannunsa ya gaji da riƙo, a kashe. In an kashe sai ta yini tana huci a kaina.

Aikina ja wa ofisoshi wayar intanet ne, da lallashin na'urorin da suka ƙi yi wa juna magana. Ba yabon kai ba, na iya aikina. Don haka wata Asabar da rana na zauna na sa wa ɗan fallen nan katin ajiya, na ɗora masa manhajar hira ta murya, na buɗe masa ƙofa ɗaya tak a na'urar intanet ɗin gidanmu, na ba shi suna da kalmar sirri. Na samo wata robar sabulu na huda mata ramuka don ya sha iska, na sa shi a ciki, na haɗa shi da ɗan batiri saboda ɗaukewar wuta, na ajiye a kan kanta bayan agogo. Ba kamfanin da ke tsakani, ba mai yanke mana hira ya ce lokaci ya cika. Muryar ta fito daga ɗakin Umma ta bi ta robar sabulun nan ta sauka a gefen gadon Baba, shi ke nan.

A cikin sabar na yi ɗakuna biyu. Ɗaya na sa masa Falo, na su Umma, a buɗe yake daga safe har a kwanta. Ɗaya na sa masa Baranda, nawa ni da Yaya, don gulma. Tsohuwar wayata mai fasasshen gilashi na jingina a kan teburin da Umma ke ninke kaya, na haɗa ta da ƙaramar sifika. Can kuma Yaya ya ƙwace tsohon tablet ɗin yaransa ya kafa a kan durowar gefen gado. Yaya malamin lissafi ne, amma in ya ga maɓalli sai ya danna, don haka sai da na yi masa kashedi da babbar murya cewa kada ya taɓa komai.

"To, Injiniya," ya ce. "Mun ji."

Da na haɗa su, abu na farko da ya shigo ɗakin Umma ƙarar fanka ce. Sai tari. Sai ƙarar cokali a kofi.

"Malam?" Umma ta ce, tana kallon sifikar kamar za ta cije ta.

"Uhm."

Ta dube ni, ta dubi sifikar. Ta jawo kwandon wanki ta ɗauki zani ta fara ninkewa. "Kai ka san famfon bayan nan ya sake tsiyaya? Na ce wa yarinyar nan ta kira mai gyara, ta ce wai ita za ta duba, ita da ta san waya kaɗai..."

"Uhm."

Na fita na bar su. Na tsaya a falo ina kallon 'yar fitilar da ke ƙiftawa ta cikin ramukan robar sabulu, raina fes. Ofisoshi nawa na haɗa, ba wanda ya yi mini daɗi kamar wannan.

Haka aka yi makonni. In na dawo daga aiki tun daga ƙofa nake jiyo ta tana zuba. Ta koma cin abinci sosai, ta koma yi mini faɗa a kan takalman da nake bari a hanya, wanda shi ne alamar lafiyarta. Wani lokaci ba mai cewa komai, fankar can tana juyawa a ɗakin nan, tana gyangyaɗi a kujera, shi ma ana jin munsharinsa. An ɗauke wuta ba sau ɗaya ba, abin bai ko girgiza ba. Har Umma ta fara share ƙurar kan robar da kanta, tana ce mata 'yar akuya.

Sai wata rana na dawo na ji gidan tsit.

Na same ta zaune, hannu a cinya, wayar tana aiki a inda take. Na tambaya ko lafiya, ta ce lafiya lau. Washegari ma haka. Da safe ana gaisawa, ina ji da kunnena, Baba yana cewa, "Kin tashi lafiya?" ta amsa, ta tambayi jiki, ya ce da sauƙi. Daga nan ta fara ba shi labari, ta kai gaɓa, ta tsaya. Ba abin da ke dawowa. Ta ƙara kaɗan, ta sake tsayawa. Sai ta yi shiru ta ci gaba da abin da take yi. Bayan 'yan kwanaki ko farawar ma ta daina.

Ranar da abin ya kai maƙura ina ɗaure igiyar takalmi zan fita, ta ce, "Auta, in kin dawo ki cire abin nan."

"Me ya yi, Umma?"

"Bai yi komai ba. Mutum ba shi da lafiya, an kafa masa rediyo a ka daga safe har dare. Ya gaji. Kunya ce ta hana shi faɗa." Ta gyara tabarau. "Wataƙila ma tun da can a gajiye yake, ni ce ban lura ba."

Wannan maganar ta ƙarshe ta soke ni. Umma ba ta cikin masu tausaya wa kansu, ko ranar da aka fito da ita daga ɗakin tiyata faɗa ta yi wa nas a kan labule. In na cire wayar nan da wannan tunanin a ranta, na san ba famfo ba albasa, ba za ta sake buɗe baki ta ba shi labari ba ko ya dawo gida. Na ce ta ba ni zuwa yamma.

Kafin in fita na duba sabar. Lafiyarta ƙalau, ba ta yi zafi ba, ba ta yanke ba, tablet ɗin can yana haɗe. Dama ban zarge ta ba. Saba ba ta ƙirƙira, ba ta ragewa, abin da aka ba ta shi take miƙawa. A manhajar akwai ɗan ɗigo a gefen sunan kowa, yana zama kore in muryarsa tana wucewa. Na tsaya ina kallon na Baba. Bai yi kore ba ko sau ɗaya. Kuma sai a lokacin na lura da abin da ya kamata in lura da shi tuntuni: fankar ma ta ɓace. Ɗakin mara lafiya ba ya yin shiru irin wannan. Wani ya taɓa wani abu a can.

Da rana, a wani ofis da muke ja wa waya, na zauna a kan matakala da burodina na kira Yaya zuwa Baranda.

"Yaya, me ka taɓa?"

"Ni? Wallahi ban..."

"Kada ka rantse, na san ka ja shingen."

A cikin manhajar akwai wani layi da ake ja sama ko ƙasa, mu shinge muke ce masa. Ƙarar da ta kai tsayinsa ta tsallake ta tafi, wadda ba ta kai ba a tare ta a nan. Ni na bar na Baba a ƙasa ƙwarai, don na san muryar ubana. Gaisuwar safe da yake ɗaga murya ya yi za ta tsallake kowane shinge. Uhm ɗinsa kuwa daga maƙogwaro yake fitowa, baki a rufe, ko kyanwa ba zai tasa ba.

Yaya ya ce ai fankar ce ta cika ƙara. Na ce Umma ta taɓa kawo ƙarar fankar? Na ji ya tashi, na ji an rufe ƙofa.

"Shi ya sa ni," ya ce, murya ƙasa-ƙasa. "An canza masa magani. Ciwon yana taso masa, in ya taso nishi yake yi, Auta, irin wanda ba ki taɓa ji ba. Ya ce in san yadda zan yi kada ta ji. Na yi ta jan layin yana nishi ina kallon ɗigon, har ya daina yin kore."

Na shirya faɗa tun daga gida, na rasa inda zan ajiye shi. Na ce ya kai wa Baba wayarsa.

"Auta."

"Na'am, Baba. Ya jiki?"

"Da sauƙi." Ya numfasa. "Kada ta ji."

"Baba, ta ɗauka kun gaji da maganarta. Ta ce in cire abin gaba ɗaya."

Ya ce, "Ina amsa mata."

"Na sani. Ba ya isowa. Shingen bai san nishi ba, bai san amsa ba, tsayi kaɗai ya sani, kuma tsayinsu ɗaya. In an tare wannan an tare wancan."

"To ke ba aikinki ba ne?"

Aikina ne kuwa, kuma kafin ya rufe baki na riga na ga mafita. Na sa Yaya ya sauya tsarin tablet ɗin zuwa na dannawa. Wani babban maɓalli zai fito a tsakiyar gilashin, in Baba ya ɗora yatsa murya ta wuce, in ya ɗaga ba abin da zai fita. Ya danna ya ce uhm, ya saki ya yi nishinsa. Kowa ya samu abin da yake so. Muka gwada, ya yi daidai. Na koma kan tsani ina jin kaina, har abokin aikina yana tambaya ko an ƙara mini girma ne.

Da yamma na shiga gida na ce, "Umma, laifin na'ura ne, na gyara. Yana ta amsa miki, ke ce ba kya ji."

Ta harare ni ta saman tabarau. Amma na ga yadda kafaɗunta suka sauka. Ta jawo kwandon wanki, ta yi gyaran murya, ta fara a hankali kamar mai taka ƙafar da ta yi targaɗe. Labarin mai shagon bakin titi ne, wanda ya sayo sabon firji ya rasa ta inda zai shigar da shi, har aka cire ƙofar shagon. Ta kai inda matarsa ta iso ta tarar da ƙofa a ƙasa, ta tsaya.

Ɗigon ya yi kore. "Uhm." Ya mutu.

Na yi murmushi. Umma ta ci gaba kaɗan, ta sake tsayawa. Aka ɗan jima. Kore. "Uhm." Ya mutu.

Ta ajiye rigar da ke hannunta.

"Auta, me kika yi wa uhm ɗin?"

"Ba komai, Umma. Ga shi yana zuwa."

"Yana makara. Kuma shi kaɗai yake zuwa, ba fanka, ba numfashi, kamar an wanke shi an goge an miƙo mini a faranti." Ta juyo gaba ɗaya ta dube ni. "Mene ne a gabansa da bayansa da ake yankewa?"

Ni dai ba a taɓa haifar wanda zai yi wa Umma ƙarya ido cikin ido ba, balle ni. Kuma amanar Baba ce. Na ce, "Ga mai shi nan, yana jin ki."

Ta juya ga sifikar. "Malam."

Ɗigon ya yi kore, ya mutu, ba a ce komai ba. Ya danna ya saki ke nan.

"Ciwon ne ya ƙaru," ta ce. Ba tambaya take yi ba. "Shi ne ka sa yara suka rufe mini kunne. Kwana da kwanaki ina zaune ina cewa surutuna ne ya ishe ka, ina bin shekarun nan ɗaya bayan ɗaya ina neman inda na fara isar ka. Wannan kake gani sauƙi ne ka yi mini?" Muryarta ta ɗan karye, ta tsaya ta gyara ta. "Ƙafa aka hana ni, Malam, ba kunne ba. Ba zan iya hawa benen nan in riƙe maka kofi ba. Abin da ya rage mini in ji. In kana nishi, ka yi shi a gabana."

Ina tsaye a bakin ƙofa, idona a kan ɗigon nan, ban taɓa roƙon na'ura ta yi wani abu kamar yadda na roƙe ta a lokacin ba. Can sai ya yi kore. Muryar Baba ta fito, ba da mu yake ba, da Yaya yake.

"Buɗe mata."

Muka ji motsi, muka ji Yaya yana cewa, "Auta, ƙasa zan ja ko?" Na ce ya cire na dannawar, ya ja layin har ƙasa, har inda ya ƙare.

Fankar ta dawo. Wata mota ta yi ham a titin can. Aka ji ƙarar katifa, aka ji numfashi mai nauyi yana shiga yana fita. Sai nishin ya zo.

Yaya bai yi ƙarya ba, ban taɓa jin irinsa ba. Dogo ne, daga can ciki, na mutumin da ya cije haƙora ya kasa riƙewa. Wannan ubana ne, wanda ƙofar mota ta taɓa datse masa yatsa bai ce komai ba sai da ya gama fakin. Na ji tsoro, na ji tausayi, kuma ni da na haɗa abin nan da hannuna sai da na ji kamar in ruga falo in fizge wayar. Na dubi Umma.

Ta ɗauki rigar da ta ajiye, ta shimfiɗa a cinya, ta ninke hannu ɗaya.

"Sannu," ta ce.

Wani ya sake zuwa, ya fi na farko.

"Sannu, Malam."

Ta ninke ɗaya hannun. Hawaye na bin gefen tabarau, ba ta share ba, hannunta bai tsaya ba. Duk nishin da ya zo sai ta tare shi da sannu, ba ta makara, ba ta ƙara komai a kai. Na zame na zauna a ƙasa a bakin ƙofar. Haka muka yi har kwandon ya kusa ƙarewa, nishin ya fara gajarta, numfashin ya daidaita. Aka bar fanka ita kaɗai tana juyawa.

Na ɗauka barci ya ɗauke shi. Umma ma ta ɗauka haka, don ta ɗora yatsa a baki ta yi mini alama in yi shiru. Sai muka ji shi, da wata 'yar murya ƙasa-ƙasa wadda ba shingen da za ta iya tsallakewa.

"To, da matar ta ga ƙofar a ƙasa, me ta ce?"